Ci-ranin Lamba Tara

Ranar da zan bar gida Baba bai ce kada in tafi ba. Yana zaune a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, na durƙusa na gaya masa Kawu ya yarda in sauka a wurinsa a Kano in nemi ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Ya daɗe bai ɗago kai ba. Da ya ɗago sai ya ce, "To, ci-rani ke nan za ka. Amma masu ci-rani in hadari ya fara haɗuwa sukan dawo. Kai yaushe?" Na ce, "Baba, in an tashi daga kakar wasa." Ya ce Allah ya kiyaye hanya. Shekara goma sha ɗaya na yi a wannan tafiya, ƙungiya takwas a ƙasa uku, kuma har yau ban ji sunan da ya dace da aikin kamar wanda ya sa masa ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari, ƙasar gero da wake da riɗi. A rairayi muka koyi ƙwallo, ƙafa ba takalmi, a gonar da aka gama kwashe kara. Wanda ya saba gudu a rairayi, ranar da ya hau ciyawa ji yake kamar an sauke masa kaya daga ka. Ban san ina da wata baiwa ba sai a gasar da aka yi tsakanin garuruwan ƙaramar hukumarmu, inda na ci ƙwallo a kowane wasa har na ƙarshe. Tun daga nan sunan yanka ya ɓace, yaro da babba "Tara" suke kirana, lambar ɗan gaba mai cin ƙwallo.

Lokacin kuma ƙwallon gida tana tashe. Kano Pillars ta ɗauki kofin Firimiya a 2008. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, mu kuwa muna kewaye da teburin mai shayi kunnenmu a jikin rediyo. A 2010 Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya, kafin ka ce kwabo ya tafi Holan. Duk yaron da ke da gudu a ƙasar Kano da Jigawa sai da ya hango kansa a wannan hanya. Sunan mutum ɗaya ake ji a rediyo, amma mu da muka sauka a tashar 'Yankaba a shekarar da but ɗinmu a leda, Allah kaɗai ya san yawanmu.

Ƙofar shiga sana'ar ita ce tantancewa, sikirinin a bakin 'yan ƙwallo. Kafin a fara kaka ƙungiya za ta sanar tana neman 'yan wasa, mai so ya zo. A na farko da na je, tun bayan sallar asuba fili ya cika, 'yan Jos, 'yan Kaduna, 'yan Kudu, har da masu jin Faransanci. Wani mutum da littafi yana rubuta suna da lambar da kake bugawa, kuma layin 'yan gaba ya fi kowanne tsawo. Sai a raba ku sha ɗaya sha ɗaya, a ce ɓangare guda su tuɓe riga, a busa usur. Minti ashirin ne rabonka. Ba ka san sunan ko mutum ɗaya a ɓangarenku ba, kuma kowa kansa ya zo tallatawa, saboda haka ɗan tsakiya in ya samu ƙwallo yanka zai yi ta yi har a ƙwace, ba zai ba ka ba. Mai tsaron baya ko yana tsaye ƙwallo za ta zo ta same shi. Ɗan gaba kuwa sai an kawo masa. Sau biyu na taɓa ƙwallo a ranar, ɗaya ma da ƙeya. Aka busa, mai littafi ya kira mutum uku, mu saura aka ce an gode.

Wata bakwai na yi ina ɗora buhu a kasuwar Dawanau, inda Kawu ke awon hatsi, da yamma in je atisaye a wani filin unguwa a Kurna. A nan na haɗu da wani tsohon ɗan wasa mai horar da yara, wanda ya ba ni darasin farko na sana'ar. Ya ce, "Kai ɗan ƙauye, a sikirinin ba a jiran ƙwallo. Kafin a busa ka duba ɗan tsakiyan da ya fi kowa natsuwa, ka tambayi sunansa, ka ce masa in ya ba ka ka ci, ku biyu za a rubuta. Sannan ka matsa wa masu tsaron baya lamba. Su ma cikinsu ya ɗuri ruwa kamar naka." A sikirinin na uku haka na yi. Wani dogo ya so ya mayar wa golansa ƙwallo, ta yi masa gajarta, na riga golan isa, na tura ta raga da gefen ƙafa. Wannan ƙwallo ɗaya ita ta sa aka rubuta sunana.

Ƙwallon Najeriya hawa-hawa ce. A sama akwai Firimiya mai ƙungiya 20, ƙarƙashinta NNL, sai rukunin 'yan dagaji a ƙasa, inda na fara. Ranar cike takardar lasisi sakatare ya tambaye ni shekaruna, na ce ashirin. Ya ajiye biro ya dube ni ya ce, "Wa zai sayi ɗan ashirin daga ƙauye? Sha bakwai." Na yi shiru, ya rubuta, na sa hannu. Shekarun ƙwallo ake ce musu, kuma saboda irinsu ne tun 2009 FIFA take ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun 'yan ƙasa da sha bakwai. Ƙarya ce na sa wa hannu, na sani a lokacin, kuma ta bi ni har ƙarshe. Duk kocin da ya karɓe ni daga baya da shekarun takarda yake auna min aiki, jiki kuwa nasa lissafin yake yi.

Ƙungiyar ta wani Alhaji ce mai son ƙwallo. Babu albashi, sai kuɗin sabulu da na mota, da garau-garau sau biyu a rana, mu takwas a ɗaki ɗaya. Ban taɓa cin ƙwallaye kamar na waɗannan shekaru biyu ba, kuma ban taɓa jin daɗin wasa kamar su ba. A wannan rukunin ne aka yi abin kunyar nan na 2013 a Bauci, inda wasa biyu na neman hawa sama suka tashi 79 da nema da 67 da nema, hukumar ƙwallo ta haramta wa 'yan wasan buga ƙwallo har abada. Kowa ya yi musu dariya. Ni tausayinsu na ji, domin na san yaron da ke cin abinci a hannun mai ƙungiya, in an ce masa buɗe hanya, ba ƙaramin ƙarfin hali zai sa ya ce a'a ba.

Daga nan wata ƙungiyar gwamnatin jiha da ke NNL ta ɗauke ni. A nan na fara ganin kwantiragi: shafi uku na Turanci, a ofis, mutum huɗu a tsaye a kaina, ana cewa in yi sauri akwai masu jira. Na ga adadin kuɗin sa hannu, idona ya rufe, na rattaba. Ban nemi kwafi ba, ba a kuma ba ni ba. Kashi ɗaya cikin uku aka biya, da shi na saya wa Inna keken ɗinki na rufe ɗakinta da kwano. Ragowar kullum amsa ɗaya ce, fayil yana kan tebur, ana jiran a saki kuɗi. Albashi ma haka, wata biyu a biya, wata uku a yi shiru.

Abin da ke riƙe da ɗan wasa a irin wannan ƙungiya shi ne kuɗin cin wasa, wanda ake rabawa a hannu in an yi nasara. Nan nauyin lamba tara yake, kuma mai kallo daga kan benci ba ya ganinsa. In ka ɓarar da ƙwallo a minti na tamanin aka tashi canjaras, cefanen mutum talatin ka ɓarar: 'yan wasa, direba, mai wankin riguna, mai tausa. Babu wanda zai zage ka a mota. Shirun da za a yi har a isa masauki ya fi zagi ciwo.

Wasan waje a wancan lokaci kowa ya san yadda yake, mai gida ne da nasara sai dai in Allah ya kiyaye. Ka kwana a hanya a motar ƙungiya, gwiwa a naɗe awa goma sha huɗu, ka sauka ka buga da rana tsaka, ka ci ƙwallo mai kyau a ɗaga tuta a ce satar gida. Na taɓa buga wasa uku a jere da azumi a bakina a garuruwan da ko kunun buɗa-baki sai mun dama da kanmu a ɗakin otal. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suna tafiya Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, ciki har da Gambo Muhammad. Daga ranar duk tafiyar da za mu yi sai Inna ta sa ƙanena ya kira ni, ta karɓi wayar ta ce, "Ɗan nan, kun isa?" Ko ƙarfe biyun dare ne ba ta kwanciya sai ta ji.

A ƙungiyata ta uku na gamu da abin da kowane ɗan gaba yake tsoro. Wasa tara a jere ban ga raga ba. Ba na manta na shida. An zura min ƙwallo tsakanin masu tsaron baya biyu, na fita daga ni sai gola, fili ya miƙe tsaye. A da ba na tunani a irin wannan wuri, ƙafa ce ke yanke hukunci. Ranar sai na tsinci kaina ina shawara: in ɗaga masa ta sama, in yanke shi, in buga kusurwar nesa? Kafin in zaɓa ya iso ya kwanta a kan ƙwallon. Ina tsaye hannuna a ka, ledar ruwa ta fashe a bayana. Da daddare wani ɗan wasanmu ya shigo ɗaki ya ce, "Tara, wannan ba haka kawai ba ne, an ɗaure maka ƙafa. Akwai wani mutum a bayan gari." Na kira Baba na gaya masa. Ya ce, "Gonar da ba ta yi ba bana taki ake ƙara mata. Ka riƙe sallarka, ka koma bakin aikinka."

Mataimakin koci ne ya zame min takin. Kullum bayan an tashi atisaye sai ya tsayar da ni da ɗan gefe ɗaya da buhun ƙwallaye. Dokarsa ɗaya ce, taɓawa ɗaya, kuma kada in kalli gola. A wurinsa na san abin da na yi shekaru ina yi ba tare da na san sunansa ba. Ka tsaya a bayan kafaɗar mai tsaron baya, inda in yana kallon ƙwallo ba ya ganinka, in yana kallonka ba ya ganin ƙwallo. Kada ka riga ƙwallo isa wurin da kake so, ka ja jiki kamar za ka sandar nesa, sai ɗan gefe ya sunkuyar da kai zai buga sannan ka yanko sandar kusa. In an buga daga nesa kowa zai tsaya kallo, kai ka bi, don gola yakan yi amai. Yakan ce yawancin ƙwallayen da ke ciyar da ɗan gaba munana ne, a cikin yadi shida ake tsintarsu. A wasa na goma aka bugo kwana, ta daki ƙaurina ta shiga. Na durƙusa na yi sujada, hawaye na zuba.

Sai dai an riga an yanke hukunci. Da aka zo hutun tsakiyar kaka aka manna takarda a ƙofar sansani, sunayen waɗanda aka sallama, nawa na huɗu. Babu wanda ya kira ni ya gaya min. Mai gadi ne ya ce, "Malam, ka duba ƙofa."

Nan zan daɗe, don nan ne aka fi cutar irinmu. Ba za ka iya rajista da sabuwar ƙungiya ba sai da takardar sallama daga tsohuwar, kiliyarans. Ina bin su albashin wata biyar. Na je ofis, sakatare ya zaro takarda biyu ya ajiye a gabana. Ɗaya sallamata ce, an buga mata hatimi, ɗayar kuma tana cewa na yafe duk abin da nake bin ƙungiya. Ya ce, "In ka sa hannu a wannan, ka ɗauki waccan." Na ce, "Ranka ya daɗe, haƙƙina ne, gumina ne." Ya ce, "To ka jira a saki kuɗi." Saura kwana huɗu a rufe rajista a inda ake nemana. Kwana uku na yi a kan bencin ƙofar ofishin, daga safe har a tashi, ina ganin masu shiga da fita, wasu su gaishe ni, wasu su kau da kai. Na ce zan kai ƙara, wani dattijo ma'aikacin wurin ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, ina kwafin kwantiraginka?" Babu. A rana ta uku da la'asar na sa hannu. Wata biyar na gudu a rana, na tafiye-tafiyen dare, na ledar ruwa a baya, duk suka tafi a layi ɗaya na biro. Na san 'yan wasa da yawa da suka zauna a irin wannan benci, kuma kusan dukkanmu mun sa hannu, domin ɗan ƙwallon da ya zauna kaka guda ba ya wasa, an manta da shi.

Nijar na tafi, ta Maigatari na tsallaka, hanyar da nake bi da Baba tun ina yaro in za mu kasuwar Alhamis. Fita wata ƙasa kuma sai hukumar ƙwallon ƙasarku ta aika wa tasu takardar canjin ƙasa, ITC, kafin ka taka fili, na yi mako uku ina atisaye ina jiranta. Kuɗin ba su da yawa, amma ranar da aka ce za a biya ranar ake biya, sefa a ambulan. A ɗakin canja kaya Hausa ake yi da Zabarmanci, tuwon gero irin na gida, hankalina ya kwanta, ƙafata ta saki. Ƙwallayen da na ci a can su suka sa aka kira ni Firimiya.

Kaka ɗaya na yi a Firimiya, a 2017. A lokacin kamfanin da ke gudanar da gasar, LMC, ya sa mafi ƙarancin albashi naira 150,000, kuma a karo na farko na ga kuɗi suna shigowa asusuna na banki. Na gina ɗaki biyu na bulo, na yi aure. Ƙwallo huɗu na ci, yawanci daga benci nake tasowa, don an sayo wani mai suna kuma dole a buga da wanda aka kashe wa kuɗi. Ranar da muka je filin Sani Abacha a Ƙofar Mata, gidan Pillars, samarin garinmu mota guda suka yi. Na shigo saura minti ashirin, filin yana amsa "Sai Masu Gida" har ƙasa tana rawa, ga Rabi'u Ali na Pillars a gabana, mutumin da na sha jin sunansa a rediyo. Ban ci ba, ban ma samu dama ba. Amma ina ɗumama jiki a bakin layi na jiyo wata murya daga sama tana kiran "Tara! Tara!" da harshen garinmu, kuma wannan kiran yana cikin kunnena har gobe.

Da kaka ta ƙare ba a sabunta min ba. A nan wani ejan, wato dillalin 'yan wasa, ya same ni da takardar gayyata mai tambarin wata ƙungiya a Turkiyya, ya ce gwaji ne na mako biyu, in kawo kuɗin biza da na jirgi. Na kai wa Baba maganar. Bai yi musu ba. Ranar Alhamis ya kora shanun huɗarsa biyu zuwa Maigatari, ya dawo da kuɗin a aljihun 'yar-ciki, ya ƙirga min a zaure. Na kai wa mutumin a wani otal a Abuja tare da fasfona. Bayan kwana goma wayarsa ta daina shiga. Fasfon ma sai sabo na yi. Na dawo gida na kasa haɗa ido da kowa, na kwana biyu a ɗaki. A rana ta uku Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Dukiya ce, ɗan nan. Fito ka ci abinci." Daminar nan hayar shanu ya yi, wani ɓangaren gonar kuma da hannu aka yi huɗarsa, yana da shekara sittin da ɗoriya. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya.

Tafiyar gaskiya da ta zo, ba a nemi ko sisi a hannuna ba. Wani da muka yi wasa tare a Nijar ya ba da sunana a wata ƙungiya a gabashin Sudan, su suka aiko da tikiti. A nan na gane bambancin: mai son ka da gaske shi ke biyan kuɗin jirgi. 'Yan Najeriya sun daɗe suna wasa a Sudan, har yanzu suna tuna Endurance Idahor da ya faɗi ya rasu a fili yana buga wa Al-Merrikh a 2010. Abin da ban zata ba shi ne Hausawa. Jikokin mahajjatan da suka bi ta ƙasa suka zauna, unguwa guda, ka shiga kasuwa ka ji tsohuwa tana ciniki da Hausar da ko a garinmu sai kakanni. Suka ɗauke ni ɗa, duk Juma'a a gidan wani nake cin abinci.

Amma na zo a mugun lokaci. A 2018 kuɗin ƙasar yana ta faɗuwa, albashin da aka yi alkawari kullum ƙanƙancewa yake in ka canja shi. A Disamba zanga-zangar tsadar burodi ta tashi daga Atbara ta bazu, biya ya tsaya cak. Wani ɗan Gana da muke ɗaki ɗaya ya ce min a shekarar FIFA ta shigo da doka: in ƙungiya ta riƙe maka albashin wata biyu, ka rubuta mata takarda ka ba ta kwana 15, in ba ta biya ba kana da damar tafiya kuma bashinka yana nan. Wannan karon kwafin kwantiragina yana cikin jaka, a leda, tare da fasfo. Muka zauna ya rubuta mana da Turanci, wani malami Bahaushe ya juya ta Larabci, muka kai ofis muka sa aka buga hatimin karɓa a kan namu kwafin. A rana ta goma sha biyu aka kira mu, aka biya mu wata biyu, aka ba mu sallama ba tare da mun yafe komai ba. Ina fita daga ofishin bencin nan na wancan ofis ya faɗo min a rai. Na baro ƙasar kafin a sauke al-Bashir a Afrilun 2019.

Mutane sukan ga yawan ƙungiyoyi a matsayin alamar gazawa, su ce da ya iya da ya zauna wuri ɗaya. Ban yarda ba. Marigayi Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallo 37 kuma ya ci mata ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994, ya buga a Kaduna da Ibadan da Abeokuta da Abidjan, ya je Fotugal da Girka da Sifaniya da Tunisiya da Saudiyya, ya dawo gida ya ci gaba da bugawa. Ban kai ƙurar takalminsa ba, amma sana'ar ɗaya ce. Ɗan gaba ƙwallayen bara ne jarinsa, in sun ƙare a wannan kasuwa sai ya ɗauki jaka ya nemi wata. Kuma duk sabon wuri daga farko kake farawa: sabon koci da ba shi ya kawo ka ba, 'yan tsakiyar da ba su san inda kake son ƙwallo ba, magoya bayan da za su ba ka wasa uku kafin su yanke maka hukunci.

Ƙungiyoyi biyu na ƙarshe duk a NNL ne, ba su da wani dogon labari. Korona ta tsayar da ƙwallo a Maris na 2020, muka zauna a gida ba albashi. Da aka dawo a 2021 na dawo da nauyin jiki. A wani wasan gida na yi tsalle na sa kai, na sauko a ƙafar hagu, na ji ƙas a cikin gwiwa. Babu wanda ya taɓa ni. A gida aka kai ni wurin maɗori, mutumin kirki, ya shafa ya murza ya ce, "Ɗana, ƙashinka lafiya lau. Abin da ya lalace a ciki yake, ba aikina ba ne." A asibitin ƙashi na Dala hoto ya nuna jijiyar cikin gwiwa ce ta tsinke, sai tiyata da kusan shekara guda ta jinya. Ƙungiya ta biya kuɗin hoto, daga wata na gaba sunana ya fita daga takardar albashi. A lasisi shekarata ashirin da takwas, koci yana cewa ina da sauran lokaci. Ni na san talatin da ɗaya ce.

Na sauka a bakin titi da sanda da jaka ɗaya, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana ɗauke da ƙamshin ƙasa. Baba yana zaure. Na durƙusa da ƙyar, ƙafa ɗaya a miƙe. Ya dubi gwiwar, ya dubi sama, ya ce, "Ka iso daidai. In an yi ruwan nan gobe shuka za mu yi. Kai ka riƙe ƙwaryar iri."

Yanzu riɗi nake nomawa, da rani kuma ina horar da yara a gonar nan da muka koya, an kafa mata sanduna na ƙarfe. Rigunan takwas suna akwatin Inna, ta wanke ta ninke ta sa musu kafur, da launi take gane garuruwan. A cikin yaran akwai wani siriri mai buga tara, ƙafa biyu duk yana ci da su, kuma ya iya ɓuya a bayan kafaɗa tun kafin in koya masa. Wata ƙungiya a Kano ta gan shi, ta ce ya zo. Jiya mahaifinsa ya same ni bayan sallar isha'i ya ce, "Koci, me za mu tanada?" Na ce kuɗin mota kawai, da takardar haihuwarsa ta gaskiya, kada ya taɓa ko akuya ɗaya. Ranar Asabar da asuba za mu shiga motar 'Yankaba ni da yaron. Na sayi leda mai zif ta ajiye takardu, tana cikin aljihun jakarsa.